Da wace tiya ake auna sunan Gerd Müller?

Ran 7 ga watan Yuli na shekara ta 1974, a birnin Munik, Jamus ta Yamma ta ci Holan 2 da 1, ta ɗauki kofin duniya na ƙwallon ƙafa. Wanda ya jefa ƙwallo na biyu cikin raga wani gajeren mutum ne mai kaurin cinya, sunansa Gerd Müller. Daga ranar nan bai ƙara sa rigar ƙasarsa ba. Ya tuɓe ta yana da ƙwallo 68 cikin wasa 62, watau ƙwallayensa sun fi wasanninsa yawa.

Idan da ƙidaya kaɗai ake auna suna, to, da yanzu nasa ya zube, gama an bi alƙalumansa ana rushe su ɗaya bayan ɗaya. Ƙwallo 14 da ya ci a gasar kofin duniya, Ronaldo na Barazil ya wuce su a 2006. Ƙwallo 85 da ya ci cikin shekara ta 1972, Messi ya haura su a 2012 da 91. A 2014 kuma Miroslav Klose ya karɓe masa matsayin wanda ya fi kowa ci wa Jamus. Amma a nan sai mai karatu ya lura: Klose ya yi wasa 137 kafin ya tara 71. Tiyar ba ɗaya ba ce. Abin da ya rage a hannun Müller shi ne ƙwallo 365 da ya ci wa ƙungiyar Bayern a gasar Bundesliga, kamar adadin ranakun shekara, kuma har yanzu ba wanda ya kamo shi.

Abin mamaki, kowace rushewa sai ta ƙara tada sunan. Yaron da bai taɓa ganin wasansa ba, ranar da Messi ya yi bajinta sai ya tambaya wane ne wannan da aka yi shekara 40 ana bin sawunsa. Tun 2022 ma mujallar France Football take ba ɗan wasan da ya fi cin ƙwallo kyauta mai sunan Müller.

Shi kansa suna bai amfane shi ba yadda ake zato. Bayan ya bar wasa a Amurka, giya ta nemi halaka shi. Tsofaffin abokan wasansa, Uli Hoeness da Franz Beckenbauer, su suka tsaya masa har ya je magani, kana Bayern ta ba shi aikin horar da matasa a 1992. A 2015 aka bayyana cewa ciwon mantuwa na Alzheimer ya kama shi, har aka kai shi gidan jinya.

Yana can a watan Mayu na 2021, lokacin da Robert Lewandowski ya kamo ƙwallo 40 da Müller ya ci a kakar 1971-72. Lewandowski ya ɗaga rigarsa, sai ga hoton Müller a ƙirjinsa. Mako guda bayan haka ya ci na 41, daf da tashi daga wasa. Müller ya rasu ran 15 ga watan Agusta na wannan shekara, yana da shekara 75.