Garin Ƙarfen Da Ke Mai Da Iska Taki

Tun zamanin da manoman karkarar Kano suka san darajar takin birni. Da rani jakuna su kan shigo da itace, su koma da mangaloli cike da toka da kashin awaki daga unguwanni irin su Zaitawa. Yanzu kuwa mutumin Zaitawa mai gona a bayan gari ya fi dogara ga buhun takin zamani, ko da ya ke ba kowa ya san asalinsa ba. To, farin takin nan da a ke kira yuriya, abincin shukar da ke cikinsa daga iska a ke samo shi.

Kashi 78 cikin 100 na iskar da mutum ke shaƙa wata aba ce mai suna naitarojin. Rashinta ne ke sa ganyen masara da dawa ya yi rawaya. Amma hatsi ba ya iya ɗibarta daga iska, sai an haɗa ta da wata iska, haidarojin, sun zama amoniya. Su biyun kuwa ba su yarda su haɗu da sauƙi.

A shekarar 1909 wani masani Bajamushe, Fritz Haber, ya nuna hanyar haɗa su. Carl Bosch ya mai da dabarar ta zama ta babban aiki, har aka buɗe ma'aikata ta farko a Oppau a 1913. Abokin aikinsa Alwin Mittasch ya yi gwaji dubbai kafin ya tabbata baƙin ƙarfe ne ya fi dacewa. A kan bi da iskokin nan ta kan ƙarfen, cikin zafi wajen digiri 450 da matsi mai tsanani. Aikin ƙarfen kamar na dillali ne a Kasuwar Kurmi, watau ya haɗa mai saye da mai sayarwa. Sai dai shi ba ya karɓar la'ada, ciniki ya ƙare ya bar shi yadda ya ke.

A fuskar ƙarfen a ke yin haɗuwar, don haka gari ya fi dunƙule aiki, kamar yadda dakakkiyar kanwa ke rigan gudanta narkewa. Masana na yanzu su kan yi ƙwayoyin ƙarfe ƙanana ƙwarai, waɗanda sai an jera dubban dubbai kafin su cika inci guda. Da irin wannan gari na nikel ko kobal ko jan ƙarfe a ke juya amoniya ta zama waɗansu 'ya'yanta da a ke kira amin. Daga amin a ke haɗa magunguna da yawa, har da na kashe ciyawa irin su atrazine. Abin da a ke nema shi ne ƙarfe mai araha ya maye gurbin masu tsada irin su filatinam, a kuma rage wutar da aikin ke ci.

A Nijeriya daga iskar gas a ke samun haidarojin. An fara yin yuriya a ma'aikatar Indorama ta Eleme kusa da Fatakwal a 2016, aka kuma buɗe ta Dangote a Ikko a 2022. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitarojin.

Abin lura shi ne, yuriyar da aka watsa bisa ƙasa aka bar ta a fili ta kan sāke zama amoniya, wani kashi ya koma iskar da ya fito. Manomi ya biya kuɗi, iska ta ci riba. Saboda haka a jira ƙasa ta yi laima, a haƙa ɗan rami kamar taƙi guda daga gindin shuka, a zuba, a rufe. A ɗaure bakin buhu, a ajiye shi inda ruwa ba ya taɓawa.

Kada kuma a manta gyaɗa da wake suna yin wannan aiki kyauta. 'Yan ƙulle-ƙullen da ke saiwarsu gidan waɗansu ƙwayoyin halitta ne masu kama naitarojin, su ma da taimakon ƙarfe. In aka tsaga ƙulli aka ga cikinsa ja-ja, yana aiki ke nan. Irin wannan shuka takin sufa ta fi bukata. Wanda ya bi gyaɗa da hatsi, ya kuma riƙe takin gida, buhu ɗaya zai kai shi nesa.