Adana Shaidar Waɗanda Suka Tsira: Holokos da Yammacin Zamfara

Tsakanin 1941 da 1945 gwamnatin Nazi ta Jamus ta hallaka Yahudawa kimanin miliyan 6, kisan ƙare-dangin da ake kira Holokos. Malaman da ke koyar da wannan tarihi sun lura cewa adadi mai yawa haka ba ya zama a zuciyar yaro sai an haɗa masa da sunan mutum guda da labarinsa. Shi ya sa cibiyar Yad Vashem, wadda aka kafa a 1953, ta duƙufa ga tattara sunayen mamatan ɗaya bayan ɗaya. Daga 1994 kuma Gidauniyar Shoah ta Amurka ta naɗi hira da mutum fiye da 50,000, kafin mutuwa ta ɗauke su.

Ba za a auna Holokos da musibun yammacin Zamfara a ma'auni ɗaya ba, amma dabarar abar aro ce. A watan Janairun 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Hukuma ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna suka ce sun kusa 200. Da an bi ƙauye-ƙauye an rubuta sunaye, da gardamar ta kwanta. Haka nan gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a 2010, a su Dareta da 'Yargalma. Tsararrakinsu da suka rayu yanzu samari ne da 'yan mata.

Sai dai naɗar irin wannan shaida a ƙasar Hausa tana da nata sharuɗɗa. Alal misali, alkunya kan hana uwa ambaton sunan ɗanta na fari ko da yana raye, balle bayan ya rasu. Sai mai bincike ya nemi kaka ko gwaggo. Wani kuma ya riga ya ɗauki dangana, yana ganin tono zancen kamar jayayya ce da hukuncin Allah. Irin wannan ba a matsa masa. Wanda ya yarda ya yi magana kuwa, wajibi ne a rubuta zancensa da Zamfarcinsa, don gyara shi zuwa Daidaitacciyar Hausa shafe muryar mai shi ne.

A 2022 gwamnatin tarayya ta sanar da maido da darasin tarihi a makarantun firamare. Malamin da zai koyar da shi a Gummi ko Anka yana iya tarar da marayun waɗannan ƙauyuka zaune a ajinsa, saboda haka sai ya nemi yardar danginsu kafin ya karanta sunan kowa.