JAN ƘUGIYA BAYAN JIRGI: DABARAR KAMA GIWAN RUWA



Ruwa ya ɗauke, hatsi ya shiga rumbu. Tabkuna sun kwanta, ruwansu ya fara washewa. Yanzu ne lokacin su. A ƙasar Dantchiao da Magariya da Dungas noma ne aikinmu, amma akwai masu taɓa su da rani. Wasu suna yi a tabkunan Korama, wajen Bande da Waca da Guci. Wasu kan tafi nesa, har Tabkin Cadi, ko manyan madatsun ruwa na Najeriya irin Tiga ta ƙasar Kano.

Kowa ya san birgi. Kowa ya san koma da mamari. Yau za mu yi magana bisa wata dabara dabam. Ana sakin ƙugiya ɗaya tak bayan jirgi, jirgi yana tafiya sannu, ƙugiya tana biye. Da ita ake kama babban kifin da ke yage raga ya wuce, wato giwan ruwa.

Ku san halinsa tukuna

Giwan ruwa ba ya cin laka, ba ya cin ciyawa. In ya girma, kifi ɗan'uwansa yake ci. Yakan laɓe gindin dutse, ko kututturen da ruwa ya rufe, ko bakin ciyawa inda zurfi ya fara. In ƙaramin kifi ya gitta, sai ya buɗe baki ya zuƙe shi ɗungum. Abin da ke motsi yake bi. Don haka ƙugiyar da ke tafiya ta fi wadda ke kwance ja masa hankali.

Yana girma ƙwarai. Akwai mai kai kusan metir 2, da nauyin kilo 200, amma irin wannan ba a cika ganinsa ba. A bikin su na Argungu na 2005, kifin da ya ci gasa ya yi kilo 75.

Ba mu kaɗai muka san wannan dabara ba. A Tabkin Nasar na ƙasar Masar da ita ake kama manyan giwan ruwa. A Amurka ma suna jan ƙugiya da jirgi mai inji, su kama wani farin kifi na tabki mai yawo garke-garke.

A wane ruwa ake yinta?

Mu faɗi gaskiya. Tabkunanmu da yawa ba su dace ba. Tabkin da ke ƙafewa da bazara na gaiwa ne da tarwaɗa. Gaiwa tana shiga laka ta jira damina. Tarwaɗa tana shaƙar iska a sama. Giwan ruwa ba ya iya ko ɗaya. In ruwa ya yi kaɗan, ya yi zafi, ya ruɓe, shi ke fara mutuwa.

Ana son tabki mai kwana da ruwa shekara duka, mai zurfin da ya wuce tsawon mutum, mai fili. Inda kacalla ta cinye ruwa, kada ku wahalar da kanku. Ƙugiya za ta maƙale tun ba ku je ko'ina ba.

Kayan aiki

Zare. A nemi zaren nailan mai ƙarfi, kaurin milimetir 1, wato kamar siririn tsinken tsintsiya. Tsawonsa ya kai gaba 40. Gaba ɗaya ta babban mutum ta kusa metir 2. A naɗe shi bisa jarkar da ba kowa ciki, mai murfi rufe gam. Za ku ga amfanin jarkar nan gaba.

Ƙugiya. Babba ake so, wadda babban yatsa ke shiga bakinta. Ku lura da lamba a jikin kwali: ƙugiyoyin da aka saba sayarwa a kasuwanninmu, ƙaramar lamba ita ce babbar ƙugiya. Lamba 5 ta fi lamba 12 girma nesa. A wasa tsininta da dutse. In kun ja ta bisa farce ta kama, ta yi.

Waya. Giwan ruwa ba shi da manyan haƙora, amma bakinsa kaushi gare shi, kuma gefen kumatunsa kaifi ne kamar aska. Yana yanke zare. A sa waya kamu ɗaya tsakanin zare da ƙugiya. Tsohuwar wayar birkin keke tana yi. A Cadi da kogin Kwara akwai tsage mai haƙora, can kam waya dole ce.

Majuyi. Wani ɗan ƙarfe ne mai ido biyu, kowane ido yana juyawa shi kaɗai. Masu sayar da kayan su suna da shi. Ana ɗaura shi tsakanin zare da waya. In babu shi, zare zai murɗe ya cukurkuɗe, ku wuni kuna warwara.

Nauyi. Masunta sun saba da dalma. To, dalma guba ce. Kada ku matse ta da haƙori. Kada ku narka ta cikin tukunyar abinci, ko kusa da yara. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara. Tsohon noti na mota ko na babur ya isa. A ɗaura shi gaba ɗaya kafin ƙugiya.

Mi za a sa wa ƙugiya?

Abu biyu ne. Na farko ƙaramin kifi, karfasa ko kawara, tsawon tafin hannu. A shigar da ƙugiya ta ƙasan bakinsa ta fito ta sama, bakin ya rufe. In bakin yana buɗe, ruwa zai cika shi, ya riƙa juyawa kamar katantanwar yara. Giwan ruwa ba ya bin irin wannan.

Na biyu cokali. I, cokalin shan shayi ko na cin shinkafa, na farin ƙarfe. A kai wa maƙeri ya yanke mariƙin. Ya huda shi gaba da baya. Waya a hudar gaba, ƙugiya a ta baya, da ɗan zoben ƙarfe. A goge shi da toka har ya yi walƙiya. Cikin ruwa yana rangaji, yana ƙyalli kamar ƙaramin kifi mai rauni. Cokali ba ya ruɓewa, ba ya ƙarewa. Amma in ruwa ya yi jawur da laka, kifi ba ya ganinsa. Ran nan a koma ga karfasa.

Yadda ake ja

Mutum biyu ne cikin jirgi. Ɗaya da filafili, ɗaya da zare. A fita da asuba, ko bayan la'asar zuwa almuru. Lokacin nan ne yake farauta. Da rana tsaka yana sauka zurfi.

Kafin ku fara, ku san zurfin wurin. Ku ɗaura dutse a igiya, ku yi ƙulli kowace gaba, ku auna nan da can. Ku riƙe a kai, ko ku rubuta.

Jirgi ya fara tafiya tukuna, sannan a saki ƙugiya. Ku dube ta gefen jirgi. In cokali yana rangaji hagu da dama, tafiya ta yi daidai. In yana juyawa, kun yi sauri. Tafiyar mutum a ƙasa, ba gaggawa, ita ake so. Sai a saki zare gaba 15 zuwa 20, don ƙugiya ta yi nesa da motsin jirgi.

Ga abin da ya fi wuya: ƙugiya ta bi daidai zurfin da kifi yake. Abu uku ke saukar da ita. Ƙarin nauyi, ƙarin zare, da rage tafiya. In tana kwaso ciyawa da laka, ta sauka da yawa, a rage zare. In kun yi zagaye biyu ba abin da ya taɓa, a ƙara noti ɗaya. Ku sake abu ɗaya kawai kowane zagaye. In kun sake uku tare, ba za ku gane wanda ya yi aiki ba.

Ku bi bakin ciyawa, da gefen duwatsu, da inda rafi ke shiga tabki. In kun ga ƙananan kifi suna tsalle suna watsewa, ko tsuntsaye suna sura wuri ɗaya, akwai mai korarsu daga ƙasa. Kada ku ratsa tsakiyarsu. Ku kewaya ta gefe, ƙugiya ita ta ratsa. In za ku juya, ku yi babban kewaye. Juyin gaggawa yana sa zare ya saki, ƙugiya ta faɗi ƙasa ta maƙale.

In ya kama fa?

A nan ake asarar kifi, a nan kuma ake jin ciwo. Kada ku naɗe zare a yatsa, ko a hannu, ko a ƙafa. Kifi mai kilo 20 in ya fizga, zare yana shiga nama har ƙashi. Yana iya jawo mutum cikin ruwa. A riƙe da tsumma, ko da guntun robar tayar keke.

In ya ja, ku ba shi zare. In ya tsaya, ku jawo. Zai yi tsalle sama, baki buɗe, yana kaɗa kai don ya yar da ƙugiya. Kada zare ya yi sako-sako a lokacin nan. In ya fi ƙarfinku, ku jefa jarkar cikin ruwa, ku bi ta. Ita za ta gajiyar da shi. Kada ku miƙe tsaye cikin jirgi. In ya zo kusa ya kwanta bisa gefe, a kama shi ta leɓen ƙasa da tsumma. Ban da kumatu, ban da ƙayar baya.

Mai hawa gora ya yi hankali. Dabarar nan ta jirgi ce. Wanda bai iya iyo ba kuwa, kada ya shiga ko jirgin.

Wanne za a ɗauka, wanne za a mayar?

Tabkin da ke da karfasa kaɗai, sukan hayayyafa su yi yawa, abinci ya kasa, duka su tsaya ƙanana. Giwan ruwa kaɗan yana rage su, sauran su girma. Amma in ya yi yawa, sai ya cinye kowa. An ga haka a Tabkin Biktoriya na gabashin Afirka. An zuba shi a shekarun 1950. Zuwa shekarun 1980, ƙananan kifi fiye da iri 100 sun ɓace, kuma shi ne babban dalili. Don haka kada kowa ya ɗebo ƴaƴansa cikin bokiti ya zuba a tabkin gari da ra'ayin kansa. A tambayi ma'aikatan ruwa da gandun daji tukuna.

Amfanin jan ƙugiya ke nan. Tana ɗaukar manya ɗaya-ɗaya, ta bar ƙanana. Ba kamar gidan sauro ba, da wasu ke ja cikin tabki, ya kwashe har ƙwai. A can Biktoriya an hana kama giwan ruwan da bai kai santimetir 50 ba, don bai isa haihuwa ba. Santimetir 50 kamu ɗaya ne da ɗan ɗori. Ku auna, ku yi tsaga biyu a gefen jirgi. Wanda bai cika tsakaninsu ba, a zare ƙugiya da jiƙaƙƙen hannu, a mayar da shi.

Doka ta hana su da guba ko da nakiya. Mai su don sayarwa sai da takardar izni, ana karɓarta wurin ma'aikatan ruwa da gandun daji. Inda akwai sarkin ruwa ko ƙungiyar masunta, a nemi yardarsu, a kiyaye watannin da suka rufe tabki.

Giwan ruwa ba tarwaɗa ba ne, ba ya daɗewa da rai a tudu, kuma namansa ba ya jimre zafi. A fasa cikinsa nan da nan, a wanke, a sa inuwa ƙarƙashin jiƙaƙƙen buhu. Abin da ba a sayar ba kafin azahar, a yanka gunduwa-gunduwa a yi banda.

Wanda ya gwada, ya rubuto mana: wane tabki, zurfin gaba nawa, da cokali ko da karfasa, kilo nawa. Za mu buga don sauran masunta su gani.