Daga izgar doki zuwa wayar birki: abubuwan mamaki game da tsirkiya

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai goge a gidan biki, a Babban Katami ko Buza ko Madawa, zai ce tsirkiya ɗaya ya gani. A ido ɗaya ce. Amma in ka matsa ka duba da kyau, tarin gashin wutsiyar doki ne aka jera, aka ɗaure baki biyu, aka ɗora bisa jaki. Abin gogawar ma izga ce. Gashi ke gogar gashi, kuma daga nan muryar da ke sa tsofaffi share hawaye take fitowa. Izga kuwa santsi gare ta, in ba a shafa mata ƙaro ba sai ta yi ta zamewa babu amo. Shi ya sa mai goge ba ya rabuwa da ɗan dunƙulen ƙaro, yana kai izga gare shi tsakanin waƙa da waƙa.

Can a ƙasashen Turai akwai babban yayan goge, wanda makaɗa ke kira bas na tsaye. Ya kai tsayin mutum, tsirkiyarsa huɗu, ana gogarsa kuma ana fizgarsa da yatsa. Yana da ƙane mai aiki da lantarki, wanda aka cire masa ƙaton cikin nan na katako, aka bar wuya da tsirkiya da na'urar ɗaukar sauti. Ba kasafai ake ganinsa a ƙasarmu Nijar ba, jitar bas ce ta fi yawa a hannun samarin Tawa da Maraɗi da Yamai. Abin mamakin shi ne duk tsadarsa da wayoyinsa, abin gogarsa dai izgar doki ce, kuma shi ma sai da ƙaro. Masu bas da yawa sun fi son baƙin gashi, don ya fi farin kaushi, ya fi kama tsirkiya mai kauri.

Tsirkiyoyi huɗun nan, in aka ɗaure su daidai, jan da suke yi wa kayan kiɗan ya haura kilo 100. Buhun gero ke nan cur, rataye a wuyan katako dare da rana, shekara da shekaru.

Wadda ta fi kauri a cikinsu tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa ɗaya. Kunnen mutum yana fara ji ne daga wajen sau 20, to ba ta yi nisa da iyakar ji ba. Lasifikar wayar salula ba ta iya fitar da wannan amo ko kaɗan. In ka ji bas a waƙar da aka turo maka a waya, ƙananan amon da ke biye da shi kake ji, ƙwaƙwalwarka ce ke cike giɓin.

Abu uku ke sa tsirkiya ta yi murya mai kauri ko siririya: tsawonta, da nauyinta, da ƙarfin ɗaurinta. Wani malamin coci na Faransa, Marin Mersenne, ya rubuta lissafin wannan a littafinsa na 1636. Mai gurmi bai karanta littafin ba, amma duk lokacin da ya ja zoben fata a wuyan gurmi don ya ƙara ɗauri, ko ya danna yatsa ya rage tsawo, da wannan ƙa'ida yake aiki.

Kafin zuwan ƙarfe, da hanjin tumaki ake yin tsirkiyar bas. A wanke shi, a kankare, a tsaga, a murɗa da ɗanyensa, a shanya har ya bushe. Matsalar ita ce murya mai zurfi tana son nauyi, hanji kuwa ba shi da nauyi, sai an yi shi da kauri har yatsa ya kasa danne shi. A wajen shekarun 1660 aka samo dabara a Italiya: a bar hanjin siriri a ciki, a naɗe shi da siririyar waya ta azurfa ko tagulla. Nauyi ya samu, kauri bai yi yawa ba. Har yau a kan wannan dabara ake, ciki kawai ake sauyawa, wani ƙarfe, wani nailan, wani hanji. Tsirkiyar ƙarfe ba ta mamaye bas ba sai a shekarun 1950. Gidan Pirastro na Jamus tun 1798 yake wannan sana'a, gidan Thomastik na Biyana kuma tun 1919.

Tun kafin duk wannan, mawaƙin nan Ziryab, wanda ya taso daga Bagadaza ya isa Kurɗuba ta Andalus a 822, shi ne aka ce ya ƙara wa udu tsirkiya ta biyar.

To ga wurin da mai sayen tsirkiyar bas na lantarki ya fi yin asara, kuma nan ya kamata a tsaya. Kayan nan ba shi da ciki, saboda haka duk abin da jama'a za su ji, na'urar ɗaukar sauti ce ta ji shi da fari. Iri biyu ne suka fi yawa. Akwai mai maganaɗisu, wadda ke zaune ƙarƙashin tsirkiya ba ta taɓa ta. Ita ƙarfe kaɗai take ji. Ka ɗaura mata tsirkiyar hanji ko ta nailan zalla, komai tsadarta, ka fizga iya ƙarfinka, lasifika za ta yi shiru. Akwai kuma wadda ake sakawa a jikin jaki, mai wani abu da ke haifar da lantarki in an matse shi, sirrin da ƴan'uwan nan biyu Jacques da Pierre Curie suka gano a Faransa a 1880. Ita ba ruwanta da abin da aka yi tsirkiya da shi, motsin jaki take ji. Amma ba ta rufa asiri: shafar yatsa, da ƙarar farce, da tsirkiyar da ta tsufa, duka sai ta kai wa jama'a. Don haka tambayar farko ba sunan kamfani ba ce. A duba wace na'ura ce a jikin kayan tukuna.

Tambaya ta biyu tsawo. Daga bakin wuya zuwa jaki, bas na tsaye yana da kimanin santimita 105, jitar bas kuwa 86, alhali muryarsu ɗaya. Wasu bas na lantarki a tsaye ake kaɗa su amma tsawon jita gare su. Ka ɗauki awon tela ka auna da kanka kafin ka ba ɗan aike kuɗi, don wanda zai sayo maka daga Kano ko Yamai ko Kwatano ba zai koma ya musanya ba. In tsirkiya ta yi tsawo, ɓangarenta mai kauri zai hau kan siririn makunnin ɗauri, cikinta ya karye tun ba a kaɗa ta ba. Yanke ta da almakashi kuma yana iya sa naɗin ya warware.

Ka ja farcenka a jikin tsirkiyar jitar bas, za ka ji yana tsalle, ƙir-ƙir-ƙir, don waya mai zagaye aka naɗa. Ka ja shi a kan ta bas na tsaye, sumul zai wuce, don falle aka naɗa aka goge. Mai kaushin nan kamfanin Rotosound na Ingila ya yayata ta a 1966, tare da John Entwistle, mai bas na ƙungiyar The Who. Tana da ƙara mai haske, amma tana cin katakon wuya, kuma ba ta jituwa da izga. A ganina wanda zai ɗauki abin gogawa ko sau ɗaya a wata, kada ya kusance ta.

Tun a shekarun 1930 aka fara sa wa bas na tsaye lantarki a Amurka, kamfanin Rickenbacker na cikin na farko. Jitar bas ta Leo Fender ta fito a 1951 ta kusa binne shi. Sai a 1962 kamfanin Ampeg ya fito da wani mai jikin roba da aka cika da soso, ya sa masa suna Baby Bass. Makaɗan jaz ba su so shi ba, makaɗan salsa kuwa suka rungume shi, har yau muryarsa mai gajeren numfashi ce ke ƙarƙashin kiɗansu.

James Jamerson, wanda ya kaɗa bas a tarin waƙoƙin kamfanin Motown na Ditiroyit, ba ya sauya tsirkiya sai in ta tsinke. Dauɗar hannu da ta taru a kai yake so, don tana dusashe ƙarar ƙarfe. Wasu kuma akasin haka suke yi, su kwance tsohuwar tsirkiyar jita su tafasa ta a tukunya don maiƙo ya fita, ta yi ƴan kwanaki tana ƙara kamar sabuwa. Kada a gwada wannan da ta hanji.

A Faris, wajen 1850, Jean-Baptiste Vuillaume ya ƙera wani bas mai tsayin kusan mita uku da rabi, tsirkiyarsa uku. Hannu ba ya kai wa wuyansa, sai makaɗi ya hau dandamali yana danna tsirkiya da wasu mariƙai.

Mu dawo gida. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa da yau ke cika manyan zaurukan Amurka da Turai, jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, tsirkiyarta wayar birkin keke. Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya da gwangwanin kifi ya zagaya duniya. Haruna Uji na Haɗeja da gurmi ya yi suna, Ibrahim Na Habu da Garba Supa da kukuma. Kora ta Mandinkawa mai tsirkiya 21 da fatar da aka murɗa ake ɗaura ta a da, yau zaren kamun kifi ne, kuma shi ne ya shiga gurmi da molo da yawa a wajenmu, don yana da araha, ba ya jin ruwa. Wannan zaren nailan, da aka ƙirƙiro a kamfanin DuPont a 1935, shi ne dai ya kori hanji daga jitar Sifaniya bayan yaƙin duniya na biyu. Ban ga abin kunya a ciki ba. Makaɗinmu ya gwada abin da hannunsa ya kai gare shi, kunnensa ya yanke hukunci, haka ma manyan gidajen Turai suka yi.

Maƙwabtanmu Buzaye suna da imzad, goge mai izga wanda mata ke kaɗawa. UNESCO ta sa shi cikin gadon ɗan'adam a 2013, da sunan Nijar da Mali da Aljeriya. Akwai kuma biram na Buduma a tafkin Cadi, mai tsirkiya biyar, wanda ya kusa ɓacewa har Malam Maman Barka ya je ya zauna wurin tsoho Bukar Tar a 2002 ya koya. Maman Barka ya rasu a 2018.

Yanayin Adar da Gobir kuma yana da nasa hukunci a kan kowace tsirkiya. Da damina izga tana shan raɓa ta saki, fatar guza ta yi laushi, sai ka ga mai goge ya kara ƙoƙon kusa da garwashi yana juya shi a hankali, yana ƙwanƙwasa fatar da yatsa har ta amsa. Da hunturu kuwa komai ya ƙame, gashi ya riƙa tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, katako ya tsage. Hanji ma haka yake wahala, ya sha zufa ya kumbura, ya sha iska ya bushe. A ƙasa irin tamu tsirkiya mai cikin ƙarfe da naɗi mai sumul ita ce ta fi dacewa da bas na lantarki. Tana yin shekaru, ɗaurinta ba ya yawo tsakanin safe da azahar, kuma kowace na'ura tana jin ta. Abokan gabarta zufa da ƙura, maganinsu busasshen tsumma bayan kowane kiɗi. In za a sauya, a kwance ɗaya a ɗaura ɗaya, don jaki ba manne yake ba, tsirkiya ce ke riƙe da shi, a bas da goge duka. A goga bakin fensir a ramin jaki don ta riƙa zamewa ba tare da naɗin ya yage ba. Sabuwa tana yin makonni da ƙarar gwangwani kafin ta kwanta, kada a yi saurin cewa jabu ce.

Tsirkiyar bas dai in da kuɗi ana aikowa da ita daga ko'ina. Izga mai kyau ce ke ƙara wuya, tun da babur ya karɓe aikin doki a ƙauyuka da yawa, kuma masu sanin wane gashi ya isa ɗauri da wanda zai tsinke sun tsufa. Cibiyar kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai, da aka buɗe a 1989, ta adana kayan kiɗan gargajiya, amma ajiyar kaya ba ta koya wa hannu ɗauri. Ɗan'uwa, in akwai tsohon mai goge ko mai garaya a garinku, ka je ka gaishe shi, ka ce: Baba, nuna mani yadda ake ɗaura ta. Ka ɗauki hoton hannunsa da wayarka tun yana iya nunawa.