Kafin ɗari ya kankama: aikin da ke jiran mai gida

Ruwa ya ɗauke, hatsi ya shiga rumbu, iska kuma ta juya. Daga Gaya har zuwa Gure, duk wanda ya fito sallar asuba a farkon watan Nuwamba ya san abin da ke tafe: leɓe ya fara tsagewa, ruwan buta ya fara cizon hannu, hazo ya fara rufe rana da hantsi. Iskar arewa maso gabas, mai ɗauke da ƙurar kwarin Bodele na ƙasar Cadi, za ta zauna har watan Fabrairu, wata shekarar har Maris. A Maraɗi da Damagaram da Tawa, sanyin daren Disamba da Janairu yakan sauko tsakanin digiri 12 da 16. A tsaunukan Abzin da Bilma kuwa yakan kusanci sifiri.

A ƙasashen ƙanƙara irin su Kanada, mai gida yakan keɓe ranakun hutunsa na Oktoba domin ya share indararon rufi, ya tsiyaye ruwan tiyon lambu don kada ya daskare ya fasa shi, ya kwashe ganye daga kan ciyawa. Ƙanƙara ba ta sauka a Tasawa, amma ɗari yana zuwa da nasa haɗari: gini da damina ta raunana, kaya busassu masu jiran tartsatsi, da wutar da ake hurawa cikin ɗaki a rufe. Mafi yawan maganin waɗannan yana hannun mai gida, kuma lokacin yin sa makwanni ne kaɗan tsakanin kaka da sanyi.

Bango da soro

Daminar 2024 ta bar darasi mai ɗaci. Bisa ƙididdigar hukuma, mutane sama da 300 suka rasu a Nijar, ambaliya ta shafi sama da miliyan ɗaya, kuma da yawa daga cikin mamatan gini ne ya faɗa musu. A farkon watan Satumba na shekarar, tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. Ginin ƙasa ba ya faɗuwa rana ɗaya. Ruwan bara ne ke cin gindinsa, na bana ya ƙarasa shi.

Shi ya sa magina ke cewa gyaran damina da rani ake yin sa, farkon rani kuma ya fi ƙarshensa. A Nuwamba tafkuna da kududdufai suna da sauran ruwan kwaɓa ƙasa, ciyawa da ƙaiƙayi suna nan birjik bayan girbi, samari kuma ba su gama watsewa cin rani ba. Wanda ya jira watan Afrilu zai sayi ruwan a wurin ƴan ga-ruwa, ya nemi leburan ya rasa.

Duba gini ba ya bukatar ƙwararre. Mai gida ya zaga bangonsa ciki da waje yana ƙwanƙwasawa: inda ya ji ƙara kamar ta ganga, yaɓe ya rabu da tubali, sai a ɓamɓare shi. A yayyafa wa wurin ruwa, a shafa ƙasar da aka kwaɓa da yankakkiyar ciyawa da kashin shanu, aka bar ta ta kwana biyu tana ruɓa. A shafa sama-sama, ta sha iska, a ƙara. Yaɓe mai kauri da aka ɗora lokaci guda tsagewa yake yi, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gindin bango a cike shi da ƙasa, a daddaɓe, a yi mata gangare don ruwa ya gudu nesa. A hau soro a buɗe indararo, a toshe tsaga. Daga cikin ɗaki a soki azara da tsinin wuƙa: in ta nutse ba wuya, gara ta riga ta ci ta, canji ya wajaba.

Masu hali da yawa sukan lulluɓe bangon ƙasa da siminti, suna ganin sun huta ke nan. Siminti ba ya kama ƙasa da kyau, kuma in ruwa ya sami kafa ya shiga bayansa, ba ya samun mafita. Bangon yana narkewa a ɓoye alhali fuskarsa tana sheƙi. Magabata da makuba suke shafe, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa. Hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27, da masallacin Yama na jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962 kuma ya sami lambar Aga Khan a 1986, duk ƙasa ce. Abin da ya tsayar da su shi ne yaɓen da jama'a ke sabuntawa.

Mai rufin tol kuma ya rufe ƙofa da tsakar rana ya ɗaga kai: duk inda haske ya ɓullo, huda ce. A ƙara ƙusa inda ta saki, a cike ratar da ke tsakanin bango da tol, domin ta nan ƙura da sanyi ke shigowa.

Wuta ba ta sallama

Da ɗari komai bushewa yake yi ƙayau: zana, darni, kara, da harawar da ake tarawa bisa rufi saboda tumaki. Ranar 8 ga Nuwamba 2021, gobara ta kama azuzuwan zana a wata lakkwal ta garin Maraɗi, yara sama da 20 suka rasu. Watanni bakwai kafin nan, cikin Afrilu, irin wannan musiba ta ci yara kimanin 20 a Yamai. Zanar aji da zanar rumfar gida abu guda ne.

Saboda haka a raba murhu da rumfa, a sauke harawa daga rufin da ke kusa da madafa. Toka a yayyafa mata ruwa kafin a zubar, don garwashi yana kwana cikinta da rai. Ɗan kasuwar da ke ajiye jarkokin fetur a zaure ko a ɗakin da ke maƙwabtaka da na iyali ya nema musu wani wuri. Tururin fetur yana bin ƙasa ya tarar da wuta daga nesa. Bokitin yashi a bakin madafa ya fi tulun ruwa amfani, domin ruwa yaɗa wutar mai yake yi. Lambar ƴan kashe gobara 18 ce, ya kamata kowane yaro mai wayo a gida ya san ta.

Tun da matatar mai ta Damagaram ta fara aiki a 2011, tukunyar gaz ta shiga gidaje da yawa. A duba tiyonta: in ya bushe ko ya tsattsage, ko kwanan watan da ke rubuce a jikinsa ya wuce, a canja shi. A shafa ruwan sabulu a mahaɗa, in ya yi kumfa akwai yoyo. Ba a gwadawa da ashana. Gaz ya fi iska nauyi, a ƙasa yake taruwa. Wanda ya ji warinsa ya rufe tukunya, ya buɗe ƙofa da taga, kada ya taɓa makunnin lantarki.

Ita ma wutar lantarki aikinta ƙaruwa yake yi da sanyi. Abin ɗumama ruwan wanka yana jan wuta fiye da fanka nesa ba kusa ba. In aka haɗa shi da firji da dutsen guga a soket guda, waya za ta yi zafi har ta narke. Soket ɗin da ya yi baƙi ko yake wari a kashe shi. Wannan kam aikin mai gyaran lantarki ne, ba wurin gwada gwaninta ba ne.

Kaskon gawayi

Akwai haɗarin da ba ya da harshen wuta, ba ya da hayaƙi. Gawayi in yana ci a ɗakin da aka toshe, yana fitar da wata iska mai guba wadda likitoci ke kira monoksid na karbon. Ba ta da launi, ba ta da wari. In ta shiga huhu tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi sau sama da 200. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da nauyin barci, abin da sau da yawa ake ɗauka mura ce ko gajiya. Mai barci kuwa ba ya jin komai. Jarirai da masu jego da tsofaffi, waɗanda aka fi hura wa wuta don tausayi, su ne suka fi saurin galabaita.

Dokar guda ce: a ɗumama ɗaki da ƙofa a buɗe, a fitar da kasko waje kafin a kwanta. Wanda ya toshe kafofin ƙura ya bar wa iska hanya ko da ƴar taga ce a sama. In aka tarar da mutanen ɗaki guda duk suna kukan kai da jiri, a fitar da su fili nan take, a kai su asibiti, kada a tsaya ɗura wa wanda ya suma nono ko ruwa. Haka janareta, wurinsa waje ne, nesa da taga.

Tsakar gida da lambu

Shimfiɗaɗɗiyar ciyawa ta ado sai a otal ko gidan jakada. Abin da ke tsakar gida da bayan katanga shi ne hakin da damina ta bari, wanda in ya bushe yakan zama maɓoyar maciji da kunama, ya zama abincin wuta. A nome shi, amma kada a cinna masa wuta cikin iska. A haƙa rami a kusurwa, a zuba shi tare da ganye da toka da kashin awaki, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa. Cikin wata biyu zuwa uku zai zama taki.

Reshen da ya rataya bisa rufi a sassabe shi, wanda ya kusanci wayar lantarki kuwa a bar wa ma'aikatanta. Ƴan itatuwan da aka dasa ranar 3 ga Agusta yanzu ne jarrabawarsu ta fara: a yi musu gurbi, a rufe gindinsu da busasshiyar ciyawa don ta riƙe laima, a kewaye su da ƙaya saboda awaki, a ba su ruwa da marece.

Ɗari kuma lokacin lambu ne. Tun bayan farin 1984, sa'ad da gwamnatin Seyni Kunce ta ƙarfafa noman rani, jama'a suka san cewa salati da shu da karoti da tumatir da albasa irin ta Galmi sun fi son sanyi. Ƴan komaye biyu ko uku a gefen pampo suna rage wa uwar gida kuɗin cefane har zuwa Maris.

Ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki yakan ce gidan na haya ne, gyara na mai shi ne. Yaɓe da azara kam nasa ne, sai a sanar da shi tun yanzu. Amma tiyon gaz da kaskon gawayi da jarkar fetur na wanda ke kwana cikin gidan ne, shi da iyalinsa. Asabar ɗaya da Lahadi ɗaya sun isa a zaga gida kaf. Tun ranar gini, tun ranar zane: sanyi zai wuce a Fabrairu, zafi ya biyo baya, a watan Yuni kuma hadari zai dawo ya tarar da bango yadda aka bar shi.