Kai Magani Gida a Lokacin Annoba: Misali Daga Asibitocin Ƙasar Sifen

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ɗakunan magani na asibitoci suka ci gaba da kula da majinyata daga nesa a lokacin annobar korona. Mun ɗauki ƙasar Sifen a matsayin misali, domin a can doka ta keɓe waɗansu magunguna da ba a bayar da su sai a asibiti. Abin da muke so mu nuna shi ne, kai ƙunshin magani ƙofar gida rabin aiki ne kurum. Ɗaya rabin kuwa shi ne shawarar masanin harhaɗa magunguna.

2.0 Tushen Matsalar

Daga cikin magungunan da aka keɓe ɗin akwai na cutar ƙanjamau, da na ciwon hanta, da ƙwayoyin ciwon daji. Bisa al'ada, majinyaci kan je asibiti lokaci-lokaci ya karɓi rabonsa. Ran 11 ga Maris, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa korona ta zama annobar duniya, ran 14 ga watan kuma gwamnatin Sifen ta kafa dokar ta-ɓaci, ta taƙaita fita. Nan fa majinyata suka shiga halin gaba kura baya sayaki. In sun zo asibiti, ga haɗarin kamuwa, tun ba waɗanda garkuwar jikinsu ta raunana ba. In kuwa sun zauna gida, magani ya yanke. Shi ko maganin ƙanjamau, yankewarsa kan ba ƙwayar cutar damar yaɗuwa a jiki, har ta kai ga daina jin magani.

3.0 Yadda Aka Tsara Aikin

Ran 25 ga Maris, 2020, Ma'aikatar Lafiya ta ƙasar ta ba da umarnin da ya halatta a ba da irin waɗannan magunguna ba tare da majinyaci ya tako asibiti ba. Aikin kan bi matakai uku. Da farko masanin magani zai buga wa majinyaci waya, ya nemi yardarsa, ya tambaye shi yadda yake shan maganin, da illar da ya gani, da kuma ko ya soma shan wani sabo wanda zai iya cin karo da na da. Na biyu, sai a duba takardar likita, a ƙunshe maganin. Na uku, a aika ta hannun kamfanonin kai saƙo ko 'yan agaji, ko dai zuwa gida, ko zuwa ƙaramin asibiti ko kantin magani mafi kusa da shi, sa'an nan a tabbatar ya isa hannun mai shi.

4.0 Wahalhalu

Waɗansu allurai dole a riƙe su cikin sanyi tsakanin digiri 2 da 8, in ba haka ba su lalace a hanya. Har ila yau akwai batun sirri, watau kada ƙunshin ya tona wa maƙwabta cutar mutum. Daɗin daɗawa, ta waya ba a ganin ramar majinyaci ko ƙurajen jikinsa, saboda haka tilas masanin ya ƙware wajen tambaya da saurare.

5.0 Kammalawa

Dokar ta-ɓaci ta farko ta ƙare ran 21 ga Yuni, 2020, amma tsarin bai mutu ba; a 2023 an shigar da shi cikin dokar magunguna ta ƙasar. A ganinmu, duk asibitin da zai kwaikwayi wannan, kamata ya yi ya fara da horar da mai buga wayar kafin ya nemi abin hawan da zai ɗauki ƙunshin. Maganin da ya isa gida ba tare da bayani ba, yana iya zama cuta maimakon waraka.