Jantin mota na zaren karbon: ƙarfinsa da inda haɗarinsa yake

Kowane direba ya san cewa ran fasinja yana rataye ne bisa ƙafafun mota huɗu. Kowace ƙafa kuwa abu biyu ce: taya ta roba, da janti, wato da'irar da ake ɗora tayar a kanta. Shekara da shekaru da baƙin ƙarfe ake ƙera janti, daga baya aka shigo da na alminiyam. To, ga shi yanzu wani iri na uku ya fito, wanda da zare ake yin sa. Abin tambaya shi ne: zare zai iya ɗaukar motar da ke gudun kilomita 250 cikin awa guda ba tare da ya ci amanar direba ba?

Mene ne zaren karbon?

Karbon shi ne sinadarin da ya fi yawa cikin gawayi. Ana ɗaukar wani zare na roba a gasa shi cikin tanda wadda iska ba ta shiga, da zafin da ya wuce digiri 1000, har sauran sinadarai su fice, karbon ya rage. Kaurin sili guda kamar kashi ɗaya cikin goma ne na gashin kan mutum. Wani masani Ba'amurke, Roger Bacon, ya samo sili mai ƙarfi irin wannan a shekara ta 1958, kuma jim kaɗan bayan haka Akio Shindo na birnin Osaka a Japan ya gano hanyar gasa zaren roba wadda masana'antu suka rungumi. Ana saƙa zaren kamar tufa, a jera shi falle bisa falle cikin ma'auni, a jiƙa shi da wani irin danƙo, sa'an nan a gasa har ya sandare.

Duniya ta shaida ƙarfinsa a shekara ta 1981, lokacin da kamfanin McLaren na Ingila ya ƙera jikin motar tsere da shi. A filin Monza na Italiya direbanta John Watson ya yi mummunan haɗari, injin ya ɓalle daga motar, amma shi ya fito da ƙafafunsa.

Daga filin tsere zuwa kan hanya

A shekara ta 2015 kamfanin Ford na Amurka ya fitar da mota Mustang Shelby GT350R da jantuna na karbon, waɗanda masana'antar Carbon Revolution ta garin Jilon a Ostareliya ta ƙera. Nauyin kowane janti kimanin kilo 8 ne, alhali irinsa na alminiyam yana kai kilo 15. Ke nan an rage wa motar kusan kilo 27.

Ragin nauyi a ƙafa ya fi ragin nauyi a jikin mota amfani, kamar yadda mai gudu ya fi jin nauyin takalmi bisa ga nauyin riga. Ƙafa maras nauyi tana saurin juyawa, tana saurin tsayawa in an taka birki, kuma in ta yi tsalle bisa gargada tana saurin komawa ƙasa ta kama hanya. Ban da haka karbon ba ya tsatsa, kuma yana jure yawan lanƙwasa da miƙewa fiye da alminiyam.

Kafin a sayar da irin wannan janti sai an gwada shi: a juya shi cikin na'ura ƙarƙashin kaya sau dubbai, a sako masa nauyi daga sama kamar ya bugi gefen titi ko ya faɗa rami. Masana'antar kuma takan ɗauki hoton cikinsa da na'ura irin wadda ake duba ƙashi da ita a asibiti, don a tabbata babu kumfar iska tsakanin fallayen.

Inda gizo ke saƙa

Haɗari na farko shi ne zafi. Zaren kansa ba ya jin wuta, amma danƙon da ya riƙe shi yana laushi in zafi ya yi yawa, ga shi kuma faifan birki na motar gudu yana iya kai digiri 900. Saboda haka aka shafe cikin jantunan gaba na motar Ford da wani farin rufi na tangaran, irin wanda aka yi amfani da shi a injin kumbon sama jannati.

Haɗari na biyu ya fi girma, shi ne yadda karbon ke lalacewa. Jantin ƙarfe in ya bugi dutse lanƙwashewa yake yi, kowa ya gani, makaniki ya sa guduma ya miƙe shi. Jantin karbon yana jure bugun da zai lanƙwasa na alminiyam, amma in bugun ya fi ƙarfinsa tsagewa yake yi. Wani lokaci fallayen ciki ne ke rabuwa, waje kuwa sumul, ido ba ya ganin kome. Ba a miƙe shi da guduma, ba a yi masa walda. Ko ƙarfen da mai faci ke ɓamɓare taya da shi yana iya yi masa lahani, haka nan ɗaure noti fiye da ƙima.

Sai kuma kuɗi. Lokacin da kamfanin Porsche na Jamus ya fitar da nasa a shekara ta 2017, farashin jantuna huɗu ya kai kimanin Yuro 15,000, wato kusan miliyan 10 na kuɗin sefa.

Abin da ya kamata a riƙe

Jantin karbon na ainihi, wanda ya bi gwaji, ƙarfinsa bai kasa na ƙarfe ba. Amma amincinsa yana tare da sharaɗi: duk lokacin da ya sha mummunan bugu, sai gwani mai na'ura ya duba shi, in ya tsage a canja shi. Wanda aka yi wa tallar irinsa na hannu, ba a san tarihinsa ba, ko mai araha maras sunan masana'anta, ya yi hattara. A hanya mai ramuka, nesa da garejin da ke da na'urar dubawa, jantin da ke nuna ciwonsa a fili ya fi wanda ke ɓoye shi kwanciyar hankali.